Kafin Tsatsa Ta Cinye Keken Gidanki: Yadda Ake Gyara Fentin Da Ya Ɓantare Ko Ya Kwarzane

Yau za mu leƙa zaure ne, ko bayan ɗakin girki, inda ake jingine keken gida, ko na maigida ne da yake zuwa kasuwa da gona da shi, ko kuma na ɗanki ne da aka saya masa domin zuwa makarantar boko da Islamiyya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na adaidaita-sahu ya yi tashin gwauron zabi, magidanta da dama suka jawo tsofaffin kekunan da suka yi shekaru a jingine, suka kai su wajen gyara. Wasu kekunan sun tashi. Wasu kuwa mai gyara yana dubawa sai ya girgiza kai, domin tsatsa ta riga ta huda ƙarfen, babu abin da ya rage sai a sayar wa 'yan gwangwan.

Sau da yawa abin da ya kai keke ga wannan hali ɗan tabo ne da bai kai girman ƙwayar wake ba, inda fenti ya ɓantare aka ƙyale shi damina ta bi ta kansa sau uku ko huɗu. Taya in ta fashe a yi faci, sarƙa in ta tsinke a sayi wata, amma gangar jikin keke, wato bututun ƙarfen nan da masu gyara ke kira firam, in ta lalace to keken ne ya mutu.

Wataƙila ki ce ke da ba kya hawa keke ina ruwanki. To ai ke ce kike ganinsa kullum in kina shara, kuma mai yiwuwa da kuɗin adashinki aka cika aka saye shi, sannan ɗanki ne yake ɗarewa kansa ya shiga titi cikin motoci. Aikin da za mu yi bayani a kansa bai fi ƙarfin mace ba, bai kuma fi ƙarfin yaro ɗan shekara 12 ba in kina tsaye a kansa, kuma mafi yawan kayan aikin suna cikin ɗakinki.

Me fenti yake yi wa keke?

Yawancinmu ado muke ɗaukar fenti, alhali babban aikinsa shi ne raba ƙarfe da ruwa da iska. Duk lokacin da ƙarfe ya haɗu da damshi da kuma iskar da muke shaƙa, sai su ci samansa su mayar da shi jan garin nan da muke kira tsatsa. Ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, don haka in ta fara a ɗan tabo sai ta riƙa kumbura tana ɗaga fentin da ke gefenta, ruwa ya samu hanyar ƙara shiga ciki, ita ma ta ƙara gaba. Shi ya sa za ki ga fenti ya yi ƙuraje kamar fatar da ta ƙone, in kika danna da farce sai ya ɗaye, ki tarar da ja a ƙarƙashi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ki kuma sani bututun firam ba sandar ƙarfe ba ce, cikinsa rami ne, kuma a yawancin kekuna kaurin jikinsa kimanin milimita 1 ne ko ɗan fiye da haka. Ba wani abu mai yawa tsatsa za ta ci ba kafin ta huda shi.

A masana'anta hawa-hawa ake yi wa keke fenti. Akwai shafin farko da ke kama ƙarfe ya hana tsatsa, sai launi a kansa, sannan a kekuna da yawa na zamani a bi da wani shafi marar launi mai sheƙi. Tsofaffin baƙaƙen kekunan iyayenmu irin su Raleigh, wanda asalinsa daga birnin Notingham na Ingila yake, har kamfanin ya taɓa kafa masana'antar haɗa keke a Kano, gasa fentinsu ake yi da zafi bayan an shafa, shi ya sa har yau za ki ga wanda ya haura shekara 40 yana sheƙi a hannun dattijon da ya san darajarsa. Bayansu Phoenix na birnin Shanghai a ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa. Amma ƙananan kekunan yara masu araha da ake kawowa yanzu, da yawansu fentinsu bai da kauri, faɗuwa ɗaya ta isa ta ɓantare shi.

A gidajenmu akwai abubuwan da ke ƙara wa tsatsa gudu. Gumi yana da gishiri, gishiri kuwa yana hanzarta cin ƙarfe, shi ya sa bututun sama da ke tsakanin sirdi da kan keke yake saurin lalacewa a hannun mai yawan gumi. Fitsarin awaki da kashin kaji ma haka, ga ruwan wanke-wanke da ake watsawa kusa da inda keke yake jingine. Da damina keke yakan kwana a tsakar gida ruwa ya dake shi, da hunturu kuma ƙura ta lulluɓe shi, yaro ya ɗauki busasshen tsumma ya dirje, ƙurar nan ta zama kamar yashi tana kwarzanar fentin.

Fara sanin irin ƙarfen

Kafin komai, ki samo maganaɗisu, ko da irin wanda ke cikin tsohuwar sifikar rediyo ne, ki manna a jikin firam. In ya kama, to baƙin ƙarfe ne, shi ne mai yin jar tsatsa, kuma shi ne ya fi buƙatar gaggawa. In bai kama ba, mai yiwuwa alminiyam ne, irin farin ƙarfen da ake ƙera manyan tukwanenmu na biki da shi, wanda wasu ke kira dalma duk da cewa ba ita ba ce. Alminiyam ba ya jar tsatsa, domin da zarar iska ta taɓa shi yakan yi wa kansa wani siririn rufi da ke kare shi. Sai dai gumi da gishiri suna iya sa shi yin farin gari a ƙarƙashin fenti, don haka shi ma a rufe masa tabonsa, amma babu tashin hankali in an ɗan jinkirta.

Duba da kyau kafin ki shafa komai

Wannan shi ne sashen da ya fi kowane muhimmanci, domin a nan lafiyar mai hawa take. A wanke keken da ruwa da sabulu, a goge shi da tsumma mai laushi, a fito da shi inda haske yake, sannan ki bi shi gaɓa-gaɓa da ido da ɗan yatsa.

Za ki tarar da rauni iri-iri. Akwai kwarzanen da ya tsaya a sama, wanda in kika shafa masa ruwa sai ya ɓace, in ya bushe ya dawo. Wannan bai kai ga ƙarfe ba, ɗan man goge mota a tsumma mai laushi ya ishe shi. Akwai wanda ya ratsa launi har kina hango shafin farko, fari ko toka-toka ko ja. Shi ma babu tsatsa tukuna, launi kawai za a mayar masa. Sai wanda ya kai ga ƙarfe tsirara, ko yana ƙyalli ko ya fara ja. Shi ne ainihin aikinmu na yau.

Amma akwai na huɗu wanda yake kama da kwarzane alhali tsagewa ce. Ki lura da wuraren da bututu ya haɗu da bututu: ƙarƙashin kan keke inda bututun da ya gangara zuwa feda ya faro, da saman ƙarfe mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, wanda ake kira fok, da kewayen inda feda ke juyawa, da bakin bututun da sirdi ke shiga. In kika ga siririn layi kamar silin gashi yana bin gefen walda, musamman in tsatsa tana tsattsafowa daga cikinsa, kada ki rufe shi da fenti. Haka in kika ga fenti ya tattare ya yi zobe a bututun da ke bayan kan keke, alama ce an taɓa yin karo da keken ta gaba har ƙarfen ya lanƙwashe. Ki tambayi yaron ko yana jin ƙara in ya taka feda da ƙarfi, ko keken yana janye shi gefe guda. Inda tsatsa ta yi yawa kuma, a danna wurin da bakin sukudireba. In ya lotsa ko ya huje, bututun ya gama aiki.

Duk keken da aka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, a ajiye shi kada kowa ya hau sai mai gyara ya gani. Fok ɗin da ya karye ana cikin gudu kan jefar da mai hawa ta kai ne, ba ya ba da lokacin taka birki. Firam na baƙin ƙarfe sau da yawa yana gyaruwa a hannun wanda ya iya walda. Na alminiyam kuwa waldarsa daban ce, tana buƙatar na'ura da ƙwarewa ta musamman, saboda haka in ya tsage abin da ya fi aminci shi ne a canja shi. Fenti a kan tsagewa ɓoye haɗari ne kawai.

Kayan da za ki tanada

In kin tabbatar rauni na fenti ne kawai, ga abin da ake buƙata. Tsumma mai tsabta na auduga, irin tsohuwar singileti. Sifirit na kemis domin cire maiƙo. Samfefa mai laushi, ki ce a ba ki lamba 400 da lamba 1000, yawan lambar shi ne yawan laushinta. Tsinken sakace ko ƙaramin buroshin zane na 'yan makaranta. Sai jan fentin nan da masu walda ke fara shafa wa ƙofar ƙarfe da taga kafin su sa launi, shi ne zai tsaya a matsayin shafin farko. Sannan launin da ya dace da keken.

Wajen launi kina da zaɓi biyu. In tabon ƙarami ne, daga ƙwayar gero zuwa ƙwayar wake, jan farce yana yin aikin sosai. Mata da yawa suna da kwalabensa a ajiye ba kasafai ake shafawa ba saboda alwala, har su daskare a zubar. To ga inda za su yi amfani. Yana da launi kala-kala, yana zuwa da buroshinsa, yana bushewa da wuri, kuma ruwa ba ya ratsa shi. In babu launin da ya dace, marar launin ma yana hana tsatsa, sai dai tabon zai ci gaba da nunawa.

In wurin ya fi haka faɗi, a sayo ƙaramin gwangwanin fentin mai, irin wanda ake yi wa ƙarfe, kada a kawo na ruwa da ake shafa wa bango. Baƙin keke ba ya ba da wahala. In kuwa launin mai wuyar samu ne, maigida ko babban yaro zai iya kai keken wajen masu sayar da fentin mota, irin waɗanda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, su haɗa masa ɗan kaɗan daidai da launin. Ko wane ne kika samu, fara gwada ɗigo ɗaya a ƙarƙashin keken inda ido ba ya kaiwa, ki bar shi ya bushe, domin launi yakan canja bayan bushewa. Ki tuna kuma rana ta riga ta koɗar da tsohon fentin, don haka da wuya sabon ya saje ɗari bisa ɗari. Kada wannan ya dame ki, daga taku biyu babu mai ganewa.

Yadda ake aikin

Ki zaɓi ranar da babu hadari, babu kuma iskar ƙura. A yi aikin a inuwa inda iska ke wucewa, domin ƙarfen da rana ta gasa yana busar da fenti tun kafin ya kwanta. Ƙarshen bazara, kafin ruwan farko ya sauka, shi ne lokacin da ya fi dacewa a bi keke gaba ɗaya, sai kuma a sake dubawa da kaka bayan ruwa ya ɗauke.

Da farko a goge wurin da sifirit. In maiƙon sarƙa ya kama shi, a fara cirewa da ɗan kananzir, a wanke da sabulu, a bari ya bushe sannan a bi da sifirit, saboda kananzir yana barin maiƙonsa, fenti kuma ba ya kama wuri mai maiƙo. Kada ki yi amfani da ruwan goge jan farce, yana narkar da fentin keke.

Na biyu, a ɗaye duk fentin da ya riga ya saki a gefen tabon da farce ko bakin reza, har sai an iso inda yake riƙe da ƙarfe gam. Wani lokaci za ki ga tabon ya ninka girmansa, kada ki tsorata, dama tsatsar tana ƙarƙashi.

Na uku, a cire tsatsa. Ki yanki ɗan guntun samfefa lamba 400 kamar faɗin farcenki, ki naɗe shi a kan ashana ko gindin fensir, ki jiƙa shi da ruwa, ki riƙa gogawa a cikin tabon kawai har ƙarfe ya fito fari yana ƙyalli. In tsatsar ta shiga 'yan ramuka, ki jiƙa auduga da ruwan khal ko ruwan lemun tsami ki ɗora a wurin kamar minti 15, tsamin zai sassauta ta. Bayan nan dole a wanke da ruwa sosai a busar nan take, in ba haka ba tsamin da ya rage zai jawo sabuwar tsatsa kafin gari ya waye. Daga nan a ɗan bi gefen tsohon fentin da lamba 1000 domin ya kwanta, a sake gogewa da sifirit, kada kuma a sake taɓa wurin da hannu. Duk wanda ya shafa fenti a kan tsatsa ya yi aikin banza, za ta ci gaba da cinta a ɓoye ta ɗago shi cikin 'yan watanni.

Na huɗu, kada a bar ƙarfen ya kwana tsirara. In fentin mai za ki sa, fara ɗiga jan fentin masu walda siriri, ki bar shi kwana ɗaya. In jan farce ne a ƙaramin tabo, a sa shi kai tsaye a kan ƙarfen mai tsabta. Kada a ɗora jan farce a kan ɗanyen fentin mai, yana tattare shi.

Na biyar, sa launi. A nan ne yawancin mutane ke ɓata aiki saboda garaje. Ki motsa fentin sosai, ki tsoma bakin tsinken sakace, ki ɗiga a tsakiyar tabon ki bar shi ya bazu da kansa zuwa gefe. Ɗigawa ake yi, ba a jan buroshi gaba da baya. In kwarzanen dogo ne, sai a bi shi da bakin tsinken a hankali kamar mai zanen lalle. Shafi siriri sau 2 ko 3 ya fi mai kauri sau ɗaya, domin mai kauri yana zuba ya yi hawaye, samansa ya bushe cikinsa yana ɗanye. Jan farce a ba shi kamar minti 20 tsakanin shafi da shafi, fentin mai kuwa kwana ɗaya. A ci gaba har wurin ya cika daidai da tsohon fentin. In ya zarce gefe, a goge da sauri da tsumma tun yana ɗanye.

Na shida, haƙuri. Fentin mai yana bushewa a taɓa cikin yini guda, amma kafin ya yi tauri sosai yakan ɗauki mako ko fiye. Ana iya hawa keken bayan kwana biyu, amma kada a wanke wurin ko a ɗaura kaya a kansa sai mako ya zagayo. Bayan haka a shafa wa firam ɗin duka man goge mota, zai ƙara masa kariya, ya kuma sa sabon wurin ya saje da tsoho.

In wuri ne babba, kamar madigadi gaba ɗaya, fentin feshi na gwangwani ya fi sauƙi. A rufe sauran keken da tsohuwar jarida da salatif, a girgiza gwangwanin sosai, a fesa daga nisan kamar santimita 25, hannu yana tafiya ba ya tsayawa wuri guda.

Inda fenti ba ya zuwa

Kada fenti ko man goge mota ya taɓa gefen gargaren taya inda robar birki ke kamawa, domin birki zai riƙa zamewa. Kada a shafa wa haƙoran noti da kusoshi, da sandar sirdi inda take shigewa cikin firam. Ita giris take so, domin kada ta manne ta ƙi fita. Wuraren da suke da farin ƙyalli kamar kan keke da ƙararrawa, in sun yi ɗigon tsatsa, ki dunƙule takardar alminiyam ta naɗe abinci ki jiƙa da ruwa ki goga, za ki ga sun washe, sai a bi da ɗan basilin.

Yawancin kekuna suna da lamba da aka buga a jikin ƙarfe, galibi a ƙarƙashin inda feda ke juyawa. Kada a cike ta da fenti. Ki kwafe ta ki ajiye tare da rasit, ranar da aka sace keke ita ce shaidarku.

Akwai kuma al'adar shafe keke da baƙin man inji wai don hana tsatsa. Yana jawo ƙura, yana ɓata wandon makaranta, ba shi da kyau ga fata, kuma duk inda ya shiga fenti ba zai sake kamawa ba sai an sha wahalar wankewa.

Kula da yara lokacin aiki

Fentin mai da tina da sifirit duk suna kama wuta, don haka a yi nesa da murhu da risho da tukunyar gas. Kada a yi aikin cikin ɗaki a rufe, kuma mai ciki da mai asma su bar wa wani. Kada ki taɓa zuba tina ko kananzir a robar lemo ko ta ruwan sha, ta haka ne ƙananan yara ke ɗauka su kurɓa. In hakan ta faru, kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin haɗarin shi ne abin ya shiga huhunsa. A garzaya da shi asibiti tare da robar. Sannan ki kulle tina da sholishon faci inda ke kaɗai kika sani, kin dai san yadda shaƙarsu ta lalata samari da yawa.

Wani abin kuma shi ne dalma. Tsofaffin fenti da dama, musamman masu launin ja da rawaya, ana sa musu dalma, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jikin yaro da za a ce ba ya cutarwa, domin ƙwaƙwalwa take taɓawa. Ba mu manta da ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba, duk da cewa a can ta wajen haƙar zinare ta zo. Wannan ne dalilin da ya sa muka ce a jiƙa samfefa kafin gogawa, domin kada gari ya tashi. A shimfiɗa jarida a ƙasa, a tattare ta a zubar bayan an gama, a hana masu rarrafe zuwa wurin, kowa ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

In ƙarfe mai tsatsa ya yanki yaro, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a kai shi asibiti a duba batun allurar sarƙe-haƙora. Ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ƙarfen da ke yashe a tsakar gida kuwa shi ke buɗe mata ƙofa.

Hana sabon tabo

Yawancin tabon keke daga ajiya yake zuwa. Yaro ya dawo makaranta ya wurgar da shi a ƙasa, ko ya jingina firam a jikin katanga mai kaushi. A gyara masa ƙafar da ake kafe keke da ita, in babu kuma a koya masa ya jingina ta sirdi ko ta tayar baya. A samar wa keken wuri a ƙarƙashin rufi, nesa da turken awaki da makwarara. In ruwa ya dake shi a hanya, a goge shi da zarar an dawo. In ya sha ruwa sosai, a zare sirdi a kifa keken na ɗan lokaci, za ki yi mamakin ruwan da zai fito daga cikin bututu, wanda da an bar shi ta ciki zai riƙa cin ƙarfen inda babu mai gani.

Tsohon tub ɗin taya ma yana da amfani. A yanka shi dogo-dogo a naɗe bututun da ke ƙarƙashin sarƙa, inda take dukansa in an shiga gargada, da kariya inda ake ɗaure jarka ko buhu, da wurin da kwaɗo da sarƙar kullewa ke gogawa. Sai dai a riƙa kwancewa lokaci-lokaci ana dubawa, kada ruwa ya kwanta a ƙarƙashi.

In kuma keken gwanjo za a sayo, ki ja hankalin maigida kada sheƙin sabon fenti ya ruɗe shi. Keken da aka fesa wa fenti jiya ya fi wanda ke da tsohon fentinsa buƙatar bincike, domin ba a san abin da aka rufe ba. Ya shafa wuraren haɗin nan da hannu, ya duba ko lambar tana nan, ya kuma hau ya ji tafiyarsa.

Daga ƙarshe uwargida, ki sa mai keken ya yi aikin da hannunsa kina nuna masa. Yaron da ya zauna ya cire tsatsa da guntun samfefa, ya jira kwana biyu fenti ya bushe kafin ya hau, da wuya ya sake wurgar da kekensa a tsakar gida. Ki ware masa rana ɗaya a wata ta wankewa da dubawa, in ya ga sabon tabo ya zo ya karɓi kwalbar jan farce a wajenki. Da haka keken zai kai ga ƙaninsa, har ma ga na bayansa. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya tsare mana zuri'a a hanya, ya sa albarka a abin da muka mallaka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.